Daga Yawunde zuwa Marwa ni kaɗai: jirgin ƙasa da bas sun isa, ko dole sai da ɗan jagora?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Kamaru. Watan Disamba in Allah ya kai mu akwai bikin abokina a Yawunde, zuwa dai jirgin sama zan bi ta Duwala, amma dawowa nake so in yi ta ƙasa, in hau jirgin ƙasan nan na dare zuwa Ngaundare, daga nan in kama bas zuwa Garwa da Marwa, in da hali in leƙa duwatsun Rumsiki da wani gandun daji, sai in shigo gida ta Yola. Na tuntuɓi wani kamfanin yawon buɗe ido suka yanko min kuɗin da sai da na ajiye wayar na sha ruwa, wai mota da direba da ɗan jagora tun daga tasha har bakin iyaka. Ni kuma gani nake wannan harkar ta Turawa ce, mu da muke da Hausa a baki ga kama ɗaya da mutanen wajen me zai sa in biya wani ya riƙa nuna min hanya? Faransanci dai ko kalma ɗaya ba na ji. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min gaskiya don Allah.

DanBrikiteri:
Wa alaikumus salam. Maraba da zuwa tun kafin ka iso. Ɓangaren jirgi dai ba ka buƙatar kowa, ka je gar, wato tashar jirgin ƙasa, da kanka ko abokin naka ya raka ka, ka tafi da fasfo ɗinka don da suna ake yankar tikiti. Abu ɗaya, kar ka ce sai ranar tafiya za ka yanka, Disamba lokacin hutu ne 'yan makaranta da ma'aikata kowa arewa ya nufa, gado ƙarewa yake da wuri. Jirgin bayan magariba yake tashi, ya kwana yana tafiya, ku shiga Ngaundare da hantsi in komai ya tafi daidai.

Bappa_Garwa:
Ɗana bari in fara gyara maka abu ɗaya tun kafin a yi nisa. Hausa za ta fisshe ka a Brikiteri, unguwar Hausawa ta Yawunde, za ta fisshe ka a kasuwar Ngaundare da ta Garwa, wajen mahauta da masu shago da direbobi. Amma harshen arewacin Kamaru Fulatanci ne, shi Bagiziga da Bamafa da Batupuri suke haɗuwa a kai in sun zo ciniki. Kana barin kwalta ka hau dutse Hausarka ta rage kaifi, wani ƙauyen ma Fulatancin sai an nemo mai ji. Takarda kuma da duk wani mai kaki Faransanci ne. To ka ga maganar kama ɗaya ba ta taso ba, kana buɗe baki an san baƙo ne.

Dan_Fagge:
Na gode Baba. To Fulatancin ma dai daga jam na sai jam ne iyakata hhhh.

Maman_Ilham:
Ni na hau shi da maigida da yara biyu. Kashi huɗu ne lokacin, akwai kujerar gama-gari jaka 10 na sefa wato dubu 10, akwai kujera ta ɗaya dubu 17, sai ɗaki mai gado huɗu dubu 25 kowane mutum, mai gado biyu dubu 28. Ka sa a tambayo maka ko sun canja. Shawarata ka daure ka biya na gadon wlh, don tafiyar dare guda ce cur, kuma a gama-gari mutane da kaya ne har kan hanya, fitila a kunne har asuba, masu tallan magani suna ta wa'azin maganinsu ba ka isa ka runtsa ba. A ɗakin akwai zanin gado da ƙofa mai sakata, ana zagayowa da abinci ka saya, amma mu da guzurinmu muka shiga, gasasshen nama daga Brikiteri da burodi da fulas ɗin shayi. Ka riƙe buta da ruwan alwala naka. Kuma ka tafi da rigar sanyi, kar ka ce ai Kamaru zafi, wajen asuba in jirgi ya hau tudun Adamawa sanyin Disamba sai ka ƙudundune.

Abin da ya fi burge yarana tashoshin hanya ne, tsakar dare jirgi na tsayawa sai ka ji mata da yara sun yo ca a gindin taga da faranti a ka, ayaba, fiya, abarba, rogon nan da ake naɗewa a ganye, can gaba in an kusa Ngaundal kuma zuma a jarka da kwalba. Ka tanadi canji ƙanana don ta taga ake cinikin kuma jirgi ba ya jiran a kawo maka canji.

Bazazzagi:
Dare guda cur? Kilomita nawa ne wai? Mu Abuja zuwa Kaduna awa biyu da 'yan mintuna an gama.

Malam_Tarihi:
Kilomita 622 ne daga Yawunde zuwa Ngaundare, amma kar ka haɗa su Bazazzagi. Na Abuja zuwa Kaduna sabon layi ne mai faɗi da aka buɗe a 2016. Wannan siririn layi ne mai faɗin mita ɗaya, an kai shi Belabo a 1969 sannan ya isa Ngaundare a 1974 zamanin Ahmadu Ahidjo, kuma layi ɗaya tal ne, in jirgin kaya ya taho daga gaba dole ɗaya ya raɓe a wata tasha ya jira ɗaya ya wuce. Shi ya sa ba a yi wa jirgin nan alƙawarin awa. Kuma asalin abin da ke riƙe da layin kaya ne ba fasinja ba, kayan Chadi daga tashar ruwan Duwala ta nan suke bi a sauke a Ngaundare tireloli su kwasa zuwa Njamena, a dawo da shanu da auduga zuwa kudu. Tun 1999 kamfanin Camrail ke tafiyar da shi. Daga Yawunde zai bi Nanga Eboko, Belabo, ya ratsa daji ta Mbitom, ya fito Ngaundal. Abin takaicin kawai shi ne duk kurmin a cikin duhu ake wuce shi, gari na wayewa sai ka ga ka fito fili, jar ƙasa da ciyawa da garken shanu.

Tsoron_Allah:
Ba wannan jirgin ba ne ya taɓa kifewa mutane da yawa suka rasu? Ni dai da za ka ji tawa ka hau jirgin sama ka sauka Garwa.

DanBrikiteri:
Na Eseka kake nufi, 21 ga Oktoban 2016, mutum 79 hukuma ta ce sun rasu, Allah ya jiƙan musulmin ciki. Amma wancan tsakanin Yawunde da Duwala ne, ba hanyar arewa ba. In kuma lissafin haɗari za a yi ai titi ya fi cin rai nesa ba kusa ba. Akwai bas daga Yawunde ta Bertuwa da Garwa-Bulai da Meiganga har Ngaundare, kwalta ce yanzu duka, sai dai ta fi layin dogo tsawo sosai kuma zaman kujera ne, ni in na samu gado a jirgi ba abin da zai kai ni bas.

Direban_Tirela:
To ku matso ku ji ta bakin mai hanya. Kana sauka gar ɗin Ngaundare za ka ga bas-bas na ajans, wato kamfanonin sufuri, a jere a bakin tasha suna jiran jirgi, irin su Touristique da Danay, ba sai ka nemi kowa ba. Tsarinsu ba irin tasharmu ba ne, ka yanki tikiti a taga, a rubuta sunanka, a ɗaure kaya, sannan a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya kana shiga. Ka kasa kunne don yadda suke kiran sunan Hausa wani lokaci sai an maimaita kafin ka gane kai ne. Ngaundare zuwa Garwa bai kai kilomita 300 ba, Garwa zuwa Marwa ɗari biyu da 'yan kai. Wajen da za ka riƙe addu'a shi ne falez, gangaren da ake sauka daga kan tudu kafin Mbe, kwana-kwana ne a gefen rami kuma nan birkin manyan motoci ke ƙonewa, in ka leƙa ƙasa za ka ga gawarwakin tireloli. Kana gama sauka kuma ka cire rigar sanyin da Hajiya ta ce, don Garwa zafi ne na gaske. Shawara ta biyu kar ka yi tafiyar dare a wannan hanyar komai saurin da kake. Zargina, wato 'yan fashin hanya, sun yi sauƙi ba kamar da ba amma ramuka da shanu da motocin da ba fitila suna nan.

Dan_Fagge:
Allah ya saka da alheri oga direba. To kun gani, har Marwa ban ji inda ɗan jagora ya shigo ba.

Ummu_Hanifa:
Ai ba a zo wajen ba tukuna Malam, ka yi haƙuri.

Bappa_Garwa:
Gaskiyarki. Kuma ni ban so ka fito jirgi ka faɗa bas nan take ba. Ka kwana Ngaundare. In ka dace da Juma'a ka je masallacin ƙofar fada ka ga fitowar Lamiɗo da dawakai da algaita da dogarai, ga zaurukan fadar na ƙasa da rufin ciyawa da ginshiƙai masu zane. To a nan ma za ka fara haɗuwa da jagoran da kake gudu, don ba a shiga fada haka kawai, a ƙofa za a haɗa ka da wani bafade ya zagaya da kai ka ba shi na goro. Bayan gari akwai tafkin Tison da magangarar ruwan Vina, waɗannan ɗan acaɓa ma ya kai ka, ku yi ciniki zuwa da dawowa da jira tun kafin ka hau. Magangarar Tello ce ke da nisa, hanyar ƙasa ce, ita kam sai da wanda ya san hanya.

Damagaram_227:
Ku 'yan Najeriya kun huta. Mu da fasfon Nijar sai mun nemi biza kafin mu shiga Kamaru. Kuma a kula, sefarmu ta yamma da tasu ta tsakiyar Afirka daraja ɗaya ce amma takarda daban, mai shago a Garwa ba zai karɓi tamu ba sai ka kai wa 'yan canji sun cire nasu.

Lauyan_Gida:
Eh ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza in ziyara ce ta ƙasa da kwana 90, tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin ƙasashen biyu. Amma Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka fasfo na ainihi za ka riƙe kuma ka tabbata an buga maka hatimin shiga, sannan katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Shi ne abin da aka fi kama baƙi da shi a shingen hanya. Ka yi hoton takardun ka ajiye a waya, ka kuma yi kwafi a takarda.

Direban_Tirela:
Katin nan kam ko da shi ma wani sai ya juya shi gaba da baya yana neman abin da zai ce. Akwai shingen da aka sauke mu aka tsare wani yaro ɗan Mubi kusan awa guda takardunsa cif, bas na jira fasinja na zagi, daga ƙarshe yaron mota ne ya je ya yi magana da su da Fulatanci aka sake shi. Ka yi sabo da yaron mota tun a tasha, ka saya masa shayi, ranar ba ka da wani jagora da ya wuce shi.

Bazazzagi:
Ni duk ba wannan ba, kilishin Ngaundare da ake ta zuzutawa ya kai namu kuwa? A taho mana da shi mu yi alƙalanci.

DanBrikiteri:
Naman tudun Adamawa fa ake magana, shanun gudali masu cin ɗanyar ciyawa kusan duk shekara. Ka bari kawai.

Damagaram_227:
Ana maganar kilishi ɗan Nijar na zaune ku yi shiru don Allah hhhh.

Ummu_Hanifa:
Kun ga an bar bawan Allah da tambayarsa an koma nama. Dan_Fagge ni aikin wata ƙungiyar agaji ya zaunar da ni Marwa, bari in faɗa maka yadda abin yake. Gandun daji dai babu zaɓi, doka ce, ba a shiga sai da mota kuma sai an haɗa ka da ma'aikacin gandun ya zauna a motar, ka biya kuɗin shiga na kanka da na mota da na kyamara da nasa. Kuma ko ba doka ba kai ba za ka ga komai ba in ba shi, hanyoyin ciki duk iri ɗaya ne, shi ne ya san tafkin da dabbobi ke sauka da ƙarfe nawa, shi ke ganin sawu a ƙasa ya ce a juya nan. Waza da kowa ya sani, mai raƙuman dawa da giwaye, tana kan hanyar Mora zuwa Kuseri dab da iyakar Barno. A Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa iyali guda su bakwai a wajen Dabanga bayan sun fito daga gandun, a Mayun 2014 kuma aka kwashe ma'aikatan hanya 'yan Chaina a Waza ɗin kanta. Tun daga nan harkar baƙi ta mutu a yankin, masu otal da direbobi da masu sayar da kayan hannu a Marwa duk suka shiga wani hali. Ni ba zan ce maka ka je Waza don ganin dabba ba. In dabba kake so ka tsaya gandun Binuwai, yana kan hanyarka ma tsakanin Ngaundare da Garwa, akwai dorina da kada a kogin, da ɓauna da gwanki da bika, kuma Disamba zuwa Afrilu ne lokacinsa don ciyawa ta bushe. Sai dai kar ka sa rai da irin abin da kake gani a talabijin na Kenya, masu haƙar zinariya da makiyaya sun shiga dajin sosai, wata rana ka yini ka ga 'yan barewa da birai kawai.

Mai_Kyamara:
Buba Njidda ta fi Binuwai dabbobi a ganina, wajen Rai Buba. Amma nisa, kuma ba motar haya da za ta kai ka, sai ka ɗauki mota mai ƙarfi tun daga Garwa. Can ne a 2012 mahara a kan dawakai suka shigo suka kashe giwaye ɗaruruwa saboda haure. To irin wannan wajen ne kuɗin kamfanin da ka raina yake da dalili, man mota kaɗai abin lissafi ne.

Dan_Fagge:
Anti Ummu_Hanifa na gode sosai, wannan bayani ya shige ni. Waza na cire ta. To Rumsiki fa? Ita ai ƙauye ce ba gandu ba, ba mai hana ni in hau mota in je in ga dutse in dawo.

Dan_Michika:
Yauwa an zo gidanmu. Mutanen Rumsiki da ake ce wa Kapsiki da mu Kamwe na Michika abu ɗaya ne, harshe ɗaya dangi ɗaya, iyaka ce ta ratsa tsakani. In ka tsaya a bakin kwarin Rumsiki ka kalli yamma Najeriya kake kallo. Zuwa kam za ka iya da kanka, mota daga Marwa zuwa Mokolo kamar kilomita 80 kwalta, daga Mokolo kuma ka hau babur ta Mogode wajen kilomita 50 hanyar duwatsu da ƙura, ka ɗaure hanci da rawani. Duwatsun ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, ruwa da iska suka cinye gefen suka bar tsakiyar a tsaye tsirin-tsirin, da yamma in rana ta yi ja ko harmatan ya ɗan lafa abin sai wanda ya gani.

Amma maganar ba mai hana ka, hmm. Kana sauka daga babur samari za su kewaye ka kowa na cewa shi ne jagora, kuma ba za su bar ka ba har sai ka zaɓi ɗaya, to gara ka zaɓa da kanka ta hannun mai masaukin da ka sauka ku yi ciniki a gabansa. Na biyu akwai wuraren da ba a hawa ba a taɓawa, wuraren tsafin gari da kaburbura, kai ba ka san su ba dutse ne kawai a idonka. Na uku gonakin mutane da gidajensu za ka ratsa, ba ka jin gaisuwarsu. Na huɗu wanda ya fi duka, iyaka ba ta da alama a cikin kwarin, kana tafiya kana ɗaukar hoto baƙo kai kaɗai da fasfon Najeriya a yankin da 'yan banga ke sa ido saboda Boko Haram, me kake so su ɗauke ka? Ɗan gari a gefenka shi ne shaidarka. Kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba, ba irin na kamfani ba ne.

Malam_Tarihi:
Dan_Michika ya taɓo tarihi. Ai Michika da Mubi da Madagali duk cikin Kamarun Jamus suke a da, bayan yaƙin duniya na ɗaya aka raba Ingila ta karɓi wannan gefen Faransa ta karɓi wancan, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 yankin ya zaɓi Najeriya. Kafin Turawa kuma Garwa da Ngaundare duk Yola suke kallo tun zamanin Modibbo Adama. Kuma wanda tsallakawa ta yi masa wuya, a gefenmu na waɗannan duwatsun akwai Sukur a Madagali, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Mai_Kyamara:
Kar a manta da tsohon nan mai duba da ƙaguwa a Rumsiki, duk jagora sai ya kai ka wajensa. Kasko ne da yashi da ruwa, ya kafa 'yan itatuwa da ɓallin ƙwarya, ya saka ƙaguwar ya rufe, in ya buɗe sai ya karanta yadda ta watsa su ya ba ka amsar tambayarka.

Yaron_Malam:
Subhanallah. Jama'a a ji tsoron Allah, wannan ai zuwa wajen boka ne ƙarara. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Yawon buɗe ido ba ya halatta haram. Dan_Fagge in ka je ka kalli dutsenka ka yi tasbihi ka wuce.

Mai_Kyamara:
Allah ya ba ka haƙuri Malam, ni ban ce ya tambaya ba, abin da ke wajen na faɗa.

Dan_Michika:
Ba dole ba ne ai, ka faɗa wa jagoran tun farko ban da wajen mai ƙaguwa, sai ya kai ka wajen masaƙa da maƙera da masu ginin tukwane. Akwai musulmi a garin akwai masallaci. In ka daidaita da Lahadi ranar kasuwa ce, sai dai ka san akwai rumfunan burkutu a gefe kar ka ce ba a faɗa maka ba.

Tsoron_Allah:
Ni har yanzu ban ga abin da zai kai mutum Mokolo a wannan zamanin ba. Ba a yankin ake kai hari ba?

Ummu_Hanifa:
Hare-haren sun fi yawa arewa da Mokolo, wajen Turu da Mozogo da Kolofata, Rumsiki kuma kudu take. Amma ba zan ce maka lafiya lau ba, abu ne da ke canjawa, labarin wata uku da suka wuce ba ya amfani. Shi ya sa nake ganin tambayar Dan_Fagge tun farko ta haɗa abu biyu. Kamfanin da zai ɗauke ka tun daga Yawunde ba ka buƙatarsa. Amma in ka isa Marwa ka nemi mutumin da yake hawa dutsen nan a satin, ka tambaye shi, in ya ce a bari to a bari. In Rumsiki ba ta yiwu ba ka yi gabas, Maga da Pus, akwai tafki da dorina da masunta, ga kogin Logon Chadi na tsallake, ga ɗakunan Musgum na laka masu tsini da zane a jiki, kasuwar Pus ranar Talata. Marwa kanta ma ta isa yini, ka je majema da kasuwar masu aikin fata.

Bappa_Garwa:
Kuma in ka iso Garwa ka yi min magana ta akwatin sirri in sa yaro ya kai ka gadar Binuwai da yamma ka ga dorina, in da lokaci ku je Lagdo ka ga dam ɗin da kuke zaginmu a kansa duk damina.

Goggo_Yola:
Ai dole mu yi magana Bappa, 2012 da 2022 mun ga ruwa a Adamawa har cikin ɗaki. Dan_Fagge maganar shigowa ta Yola, daga Garwa ba nisa amma hanyar ba ta da kyau, ƙananan motoci ne da babura ake canjawa, da rani dai ana wucewa. Ka fito da sassafe, kuma ka tabbata ka bi ta inda akwai ofishin shige da fice a buga maka hatimin fita, don masu babur sun fi son su zaga da kai ta bayan gari su ce ai ba komai. A gare su ba komai, kai ne wata rana za ka dawo Kamaru a ga ka shiga ba ka fita ba. Sefar da ta rage maka kuma ka canja a Jimeta.

Bazazzagi:
To wai duka-duka nawa mutum zai tanada? Kuna ta ba shi wurare ba wanda ya yi maganar aljihu, da yadda naira take yanzu sefa ba abin wasa ba ce.

Direban_Tirela:
Jirgi da bas da masauki ba su ne masu cin kuɗi ba, motar shiga daji ce. In ya samu mutum biyu ko uku a raba shi ke nan. Kuma ya riƙe tsabar kuɗi, in ba a cikin Marwa da Garwa ba kar ya dogara da katin banki.

Dan_Fagge:
Kai jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Yadda na tsara yanzu, jirgi mai gado, kwana biyu Ngaundare in daidaita da Juma'a, Garwa wajen Baba, Marwa, sai in ga abin da hali ya yi. Amma fa har yanzu ina ganin gandun Binuwai da kuɗin mota anya ya cancanta in birai kawai zan gani? Ai muna da su a Yankari.

Mai_Kyamara:
In ka taɓa zuwa Yankari ni ma sai in ce ka bar shi ka ƙara kwana a kan dutse.

Ummu_Hanifa:
Ni kuma ban yarda ba, dorinar Binuwai a bakin kogi da asuba ba ka da irinta a Yankari.

Maman_Ilham:
Na manta ban faɗa ba ɗazu, a jirgin ka rufe taga in za ka kwanta musamman in an tsaya a tasha, kar ka bar waya ko jaka a kusa da ita. Kuma in akwai mai zuwa Disamban nan a gidan nan ya yi magana ku haɗu a motar dajin, ƙanin maigida ma yana ta maganar zuwa, bari in tambaye shi ko wane sati ne hutunsa.